Digirin hannu da digirin baki: sharhi kan karatun malaman zane a Zariya

Wani abokina da muka tashi tare a nan Sabon Gari, wanda tun muna lakwal shi ke zana mana taswirar Nijar a kaye mu biya shi da ƙuli-ƙuli, yau shekara huɗu ke nan yana koyarwa. Bana ya ƙudura sai ya tsallaka Zariya ya yi mastar a fannin zane. Ingilishinsa bai nuna ba, nawa ma ba abin a zo a gani ba ne, amma ya ɗan ɗara nashi, shi ya sa ya kwaso takardun ya iske ni gida. Muna cikin dubawa muka kai inda ake son mutum ya faɗi reshen da zai shiga. Akwai fenti, akwai sassaƙa, akwai tarihin zane, akwai koyar da zane. Ya yi shiru, sa'annan ya ce: "To ni da nake son in iya, kuma in iya koyarwa, wanne zan ɗauka?" Na rasa amsar da zan ba shi. Tun ranar nake juya tambayar a raina.

Kafin in taɓa Zariya bari in ba ta haƙƙinta, kada a ce ɗan Maraɗi da ƙasarsu ba ta da ko rabin abin ya zo yana raina na wasu. A 1955 aka ɗauko sashen zane na kwalejin fasaha ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman galibinsu Turawan Ingila ne, kuma abin da suka sani shi suka koyar: a ajiye mutum ko kwano gabanka ka kwaikwaya, ka auna nisa da kusa, ka bi haske da inuwa yadda ake yi a Landan. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Su ne daga baya aka yi wa laƙabi da ƴan tawayen Zariya. Tawayen nasu babu jifa babu ƙona taya irin wanda muka saba. Cewa suka yi dabarar Bature za a koya, amma abin da za a zana da salon zana shi a gida za a nemo. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma da ya karɓi sashen zane na jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa ya mai da shi ginshiƙin karatu. Duk wanda ya ce makaranta ba ta haihuwar mai zane, a kirga masa waɗannan sunaye.

Amma tambayar abokina tana nan. Yadda tsarin yake, wanda ya shiga fenti ko sassaƙa digirin da ake kira MFA zai yi. A ɗakin aiki zai ƙare shekarunsa, ya fitar da ayyuka, a baje su, ya haɗa da rubutaccen bayani. Wanda ya shiga koyar da zane kuwa karatunsa na manhaja ne da dabarun koyarwa da halayyar yara, da bincike irin wanda ake raba takardun tambayoyi a makarantu a dawo a lissafa amsoshi. Ban ce ɗayansu banza ba ne. Ƙorafina shi ne an raba abin da ba ya rabuwa a cikin aji.

Ku tuna ajinmu na firamare, mu fiye da saba'in, wasu bisa tabarma. Yarinya ƴar shekara bakwai ta zana ɗakin uwarta, har ana ganin gado da kwalla da jariri ta cikin bango. Gwanin fenti da bai san yara ba zai ja mata jan biro ya ce bango ba gilashi ba ne. Wanda ya karanta halayyar yara ya san wannan ba kuskure ba ne, mataki ne da yara ke bi ko'ina a duniya: abin da suka sani suke zanawa kafin su koma ga abin da ido ke gani. Ya yi daidai. To amma ga wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya wuce matakin nan, yana ta fama da ƙafar akuya ta baya, ya share ya sake har takarda ta huje. Wannan ba manhaja yake buƙata ba. Yana son wani ya karɓi alli ya nuna masa inda gwiwar ke karyewa, da layi uku, yanzu-yanzu, kafin ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi bai iya ba. Malami ɗaya ne a ajin, kuma yaran biyu duka nashi ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda suka riƙe fannin koyar da zane a Zariya tun da wuri ba rabin mutane ba ne. Solomon Wangboje gwanin ɗab'in hoto ne da ake neman aikinsa, Jimo Akolo kuma mai fenti ne da ya zana mahaya dawakin Arewa, kuma dukansu sun yi digirin dakta kan koyar da zane a Amurka. Hannu da baki duka suna da su. Tsarin da ya biyo baya ne ya sa ɗalibi ya tsaya a mararraba yana ƙuri'a.

Sai kuma maganar dakta ta zo ta ƙara dagula lissafi. A Amurka, inda MFA ya samo asali, ana ɗaukarsa a matsayin ƙarshen tsani ga mai aikin hannu, daga shi babu wani. A Nijeriya hukumar jami'o'i ta matsa cewa malamin jami'a sai da digirin dakta in yana son ya ci gaba. Aka yi ta muhawara, ƙarshenta Zariya ta buɗe dakta a fenti da sassaƙa. Ina ganin uzurinsu, mutum ba zai zauna shekara ashirin a kujera ɗaya don kishin buroshi ba. Sai dai duk wanda ya taɓa buɗe irin kundayen da ake rubutawa ya san fasalinsu: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyar bincike, sakamako, kammalawa. Rigar masu kimiyya ce aka zura wa mai zane. Mutum ya zana hoto don wani launi ya hana shi barci, sa'annan a ce ya rubuta matsalar da bincikensa ya zo warwarewa. Zai rubuta, ai dole ne. Tsorona shi ne a hankali ya koyi zana abin da ke da sauƙin bayani a babi na huɗu, ya bar wanda ke hana shi barci. Mu ma masu nazarin harshe kada mu yi dariya, memuwar ɗinmu haka take, kuma mun san yawan ƙaryar ladabi da ke cikin shafukan farko.

Akwai wani rabon kuma da ba a cika magana a kansa ba. A Zariya ginin tukwane da saƙa da rini ba su cikin sashen zane, suna wani sashe dabam na tsara kayan masana'antu. Wato fenti bisa kyalle da gunkin siminti su ne fasaha, tulu da zanen riga sana'a ce. Wannan rabo daga Turai aka gado shi, kuma Hausa ba ta san shi ba. Mu gwani gwani ne, ko na allo ko na bango. Cikin birnin Zazzau ɗin nan, tafiyar ƴan mintoci daga Samaru inda jami'ar take, akwai abin da ya rage na masallacin Juma'a da Malam Mika'ilu Babban Gwani ya gina da ƙasa da azara a wajejen shekarun 1830, da bakan gizonsa da har yau masu nazarin gini ke zuwa aunawa. Ladi Kwali, mai ginin tukwane ƴar ƙabilar Gwari da hotonta ke bayan naira ashirin, wurin ƴan uwanta mata ta koyi aiki kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin dakta na girmamawa. Madalla. Amma ku tambayi kanku: da a matsayin ɗaliba ta zo neman shiga, da wace takarda za ta wuce ƙofa?

Ba na cewa Zariya ta kau da kai daga fasahar Hausa, zalunci ne in faɗi haka. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin zane a can, ya yi digirinsa na dakta kan ɗinkin rigunan Hausa, kuma shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Ɗalibai da yawa bayansa sun yi aiki kan zanen gidaje da hawan salla da huluna. An yi nazarin masu sana'a ƙwarai. Amma wanda aka yi nazarinsa dabam, wanda aka zaunar a kujerar malami dabam. Baduku yana shigowa kundi a babi na uku a matsayin wanda aka yi hira da shi, a gode masa a shafin farko, cikin harshen da ba zai karanta ba.

Nan ne na zo inda ya fi damuna, don nan ne gonata. Abokina zai je ya koyi sunan kowane abu da Ingilishi. Dama abin da ya sani da Faransanci ya san shi. Ya dawo ya tsaya gaban yaran Jiratawa ko Tibiri da ke tunani da Hausa, suna mafarki da Hausa. Da wane baki zai ce musu launin nan ya yi nauyi, layin can ya mutu?

Wasu za su ce ai Hausa ba ta da kalmomin. Na ɗauki wannan magana na kai ta kasuwa, wurin wani tsohon baduku abokin mahaifina. Na iske shi yana yankan fatar jar akuya, irin tamu ta Maraɗi da sunanta ya kai har Turai. Na nuna wani yanki na ce: "Baba, wanga launi mi sunanshi?" Ya ce: "Wanne ciki, ɗana? Wanga jan karan dafi ne. Wancan da ya sha rini sau biyu ruwan hanta ya koma. Na hannunka kuwa ba a rina shi ba, bagaruwa ce kawai ta ci shi." Na zauna ina rubutawa yana aiki, bai ko ɗaga kai ba. Kafin la'asar na cika shafi uku.

A ajinmu an karanta mana Berlin da Kay, waɗanda a 1969 suka nuna cewa harsuna sun bambanta wajen yawan kalmomin launi na asali, daga biyu zuwa goma sha ɗaya. Wanda ya tsaya nan zai zaci Hausa matalauciya ce, tunda ja da fari da baƙi su ke ɗaukar mafi yawan kaya. Amma ku duba dabarar da harshen ya yi. Ya ɗauki kalmar ruwa ya jingina ta ga abu: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan ƙwai, ruwan hoda, ruwan bula. Kowane launi yana ɗaure da abin da yaro ya taɓa da hannunsa ko ya sa a baki. In ka ce wa ɗan aji uku oranj, kalma ka ba shi ya hardace. In ka ce ruwan goro, ya ga bakin kakarsa. Sa'annan ga kalmomin da ke auna ƙarfin launi: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Darasin da ake kwashe mako ana yi kan hasken launi da duhunsa, rabinsa yana bakin yaran tun kafin su shigo aji, ba wanda ya gaya musu cewa ilimi ne.

Haka abin yake a sauran sana'o'in. Maɗinkin babbar riga yana da aska biyu da aska takwas da tambari da dagi. Magini yana da tubali da zanko da makuba da ɗaurin guga. Marini ya san baba da shuni da katsi, ya san ranar da karofi ya nuna da ranar da ya mutu. Waɗannan ba sunaye kawai ba ne, kowanne yana ɗauke da hukunci, wato yadda ake gane mai kyau da marar kyau. Shi ne kuwa abin da mastar ke cewa tana koyarwa. Wani abin dariya ma, kalmar zane da muke ta amfani da ita a rubuce ba ta bambanta da zanen da mata ke ɗaurawa, alhali a baki wasalin farko na ɗaya dogo ne na ɗayan gajere. Rubutunmu ne bai nuna ba. Abokina ya ce in ya gaya wa gwaggonsa zai je Zariya karatun zane a wasiƙa, za ta zaci atamfa zai koyo.

Kada a ɗauka ina cewa a rufe jami'a a koma zaure. Koyon sana'a a gidan maigida yana da nashi ciwon, kuma mu da muka tashi kusa da shi mun sani. Yaro ya yi shekara uku yana aike da shara kafin a bar shi ya taɓa wuƙa. Maigida ya ɓoye sirrin rini har ya mutu da shi. Ɗiya mace ba ta shiga wasu sana'o'in sam, wanda ba ɗan gado ba kuma ana kallonsa a karkace. Kwaikwayo ake yaba wa, wanda ya sauya fasali a ce ya ɓata. Jami'a ta zo da abubuwan da zaure bai da su: kowa na iya shiga, ana rubutawa a ajiye, ana iya ce wa malami ban yarda ba a kawo hujja. Kuma gaskiya ne akwai abubuwan da Hausa ba ta riga ta raɗa wa suna ba, kamar dabarar nuna nisa bisa shimfiɗaɗɗiyar takarda. Sai dai wannan aiki ne da ke jiran masu yi. Faransanci ma ba da kalmominsa na fenti aka haife shi ba, da yawa daga Italiya ya aro su.

Akwai kuma tambayar da kowane malamin zane a Maraɗi zai gamu da ita a watansa na farko, kuma ban ga inda takardun abokina suka shirya shi mata ba. Uba zai zo ya ce: "Mushe, ni ɗana ba zai zana mai rai ba." Wannan uba ba jahili ba ne, yana da abin da ya dogara a kai, kuma malamai sun daɗe suna tattauna iyakar hukuncin sura. Malamin da duk horonsa bisa zanen jikin mutum aka gina shi abu biyu zai yi: ko ya yi faɗa da uban ya rasa yaron, ko ya soke darasin ya mai da awar ta lissafi. Wanda ya san gida kuwa yana da ƙofa ta uku a buɗe. Ga zayyanar allon sauka, ga zanen ƙwarya, ga bangayen Birnin Damagaram, ga adon sirdi da linzami na ranar hawa a Tibiri. Duk abin da ake son yaro ya koya na daidaito da maimaici da haɗin launi yana cikinsu, kuma babu uban da zai hana ɗansa zayyana.

Mi ya shafe mu da tsarin wata jami'a a wata ƙasa? Ya shafe mu don mu yanzu muke aza tubali. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ta buɗe reshen fasaha da al'adu, wanda Farfesa Antoinette Tidjani Alou na cikin waɗanda suka tsaya masa. Tamu ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo bisa kimiyya da noma da likitanci aka gina ta. Makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo tana fitar da malaman firamare, kuma a hannunsu darasin zane yake, ko sun iya ko ba su iya ba. Ranar da za a zauna tsara babban karatu na malaman zane a ƙasar nan, wuri biyu za a leƙa, Faransa da Nijeriya, a kwafo. In za a kwafo Zariya, ina roƙon a kwafo ƴan 1958, a bar mararrabar da ta tsayar da abokina. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun 1973 kuma aka fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Damagaram. To in akwai darasin da ya kamata ya riga kowa shiga Hausa, wanne ya fi wanda kalmominsa ke zube a kasuwa?

Abin da nake so in gani ba shi da wuyar faɗi. Digiri ɗaya, wanda ɗalibi ba zai fita ba sai ya baje aikin hannunsa, kuma ya koyar da aji na gaske gaban masu jarrabawa, da harshen yaran. A cikin masu jarrabawar a sa gwani ɗaya daga cikin gari, a biya shi kamar yadda ake biyan farfesa, kuma makinsa ya shiga lissafi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo ba takarda ke sa a kira mutum gwani ba, sai ya karanta ya rubuta gaban waɗanda suka riga shi. Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama a jihar Tawa tun daga 1962, wanda ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986, da irin wannan hukunci na idon jama'a ya zama abin da ya zama. Na san za a ce dokokin jami'a ba su yarda wanda ba shi da digiri ya ba da maki ba. Dokokin mutane suka rubuta su, wasunsu ma suna nan da ransu a Yamai.

Abokina dai fenti ya ɗauka. Hujjarsa ita ce manhaja zai iya karanta ta a littafi ko a Maraɗi, hannu kuwa sai kana kusa da wanda ya fi ka. Ban musa masa ba, ko da yake na san yarinyar nan mai bangon gilashi tana jiransa. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa kafin in ƙarasa cika masa takardun: ya riƙe kaye guda, duk kalmar aiki da aka koya masa da Ingilishi ya shiga birnin Zazzau ya tambayi magina da maɗinka yadda suke ce mata, in babu ya bar gurbin fari mu cike tare. Ni ma na buɗe nawa a nan. Dukanci kawai na taɓa, ban je wurin masu tukwane ba tukuna, ban je wurin masu kayan doki na Tibiri ba, kuma zanen ƙwarya sai mace ta shige mini gaba. Duk wanda kakarsa ko gwaggonsa ke wannan aiki ya neme ni ranar taronmu na gaba, ya zo da biro.